Daga Kufan Sikiliya Zuwa Kufan 'Yandoto

Jama'a masu karatu, a makon jiya na zauna a shagon wani aminina ɗan kasuwa a nan Gusau, wanda bai daɗe da komowa daga ƙasar Italiya ba, inda ya je sayen kayan injin. Da ya ƙare cinikinsa sai abokin hulɗarsa na can ya ɗauke shi zuwa wani tsibiri da ake kira Sikiliya, a tsakiyar Bahar Rum, ya kwana uku yana yawon ganin kufaifan mutanen da. Ya buɗe wayarsa yana nuna mini hotunan waɗansu dogayen ginshiƙan dutse a jere bisa tudu, yana ta al'ajabin yadda mutane ke zuwa daga uwa duniya, su biya kuɗi, su shiga layi cikin rana don kallon kango. Da ya numfasa sai na ce masa, "Alhaji, ka taɓa zuwa 'Yandoto?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ai ta ƙasar nake bi kullum in za ni Funtuwa. Me ke can?"

Wannan tambaya tasa ita ce dalilin rubutun yau, domin na tabbata ba shi kaɗai ne zai yi ta ba, har cikin waɗanda aka yanke cibiyarsu a Gusau da Tsafe da Bunguɗu.

Tsibirin da zaurukanmu suka sani

Bari mu fara da inda Alhaji ya je, don mu ba tafiyarsa haƙƙinta. Sikiliya ita ce tsibiri mafi girma a Bahar Rum, ko da yake faɗinta bai kai na Jihar Zamfara ba. A yau tana cikin ƙasar Italiya, amma tsakaninta da gaɓar Tunisiya kimanin kilomita 150 ne kawai, saboda haka tun zamanin da duk wanda ya yi ƙarfi a wannan teku sai ya miƙa hannu gare ta. Girkawa sun zauna sun gina birane, Rumawa suka biyo bayansu. Ginshiƙan da Alhaji ya ɗauko hotonsu suna wani gari ne mai suna Agrijento. Ɗakunan bautar Girkawa ne, kuma wanda ya fi saura tsayuwa da ƙafafunsa an gina shi wajen shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, watau ya haura shekara 2,400 ke nan. A 1997 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Abin da Alhaji bai sani ba shi ne, wannan tsibiri yana da hannu cikin karatun zaurukanmu tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. A shekarar 827 ta Miladiyya rundunar Musulmi ta tashi daga Susa ta ƙasar Tunisiya, ta sauka a Mazara, kudu maso yammacin tsibirin. Jagoranta kuwa alƙalin Ƙairawan ne, Asadu ɗan Furatu, dattijo mai kusan shekara 70, wanda ya ɗauki karatu wurin Imamu Malik a Madina. Shi ne ya tara mas'alolin fiƙihu ya kai wa Ibnul Ƙasim a Masar, ya rubuta amsoshinsa. Daga baya Sahnunu ya sake bitar aikin a gaban Ibnul Ƙasim, ya tace shi, aka sami Mudawwana, uwar littattafan mazhabar Malikiyya. Asadu ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa da yaƙi. Birnin Falarmo ya shiga hannun Musulmi a 831, ya zama fadar mulkinsu, har matafiyin nan Ibnu Hauƙal, da ya ziyarce shi wajen 973, ya ba da labarin masallatai kimanin 300 a cikinsa da kewayensa.

Daɗin daɗawa, duk almajirin da ya kai ga Muhtasar na Shaihu Halilu ya san cewa tun a gabatarwa marubucin ya ambaci malamai huɗu waɗanda yake jingina da zaɓinsu, watau Lakhmi da Ibnu Yunus da Ibnu Rushdi da Maziri. To, biyu daga cikin huɗun nan jingininsu ga wannan tsibiri yake. Ibnu Yunus, wanda ya rasu a 1059, da sunan Sikiliya ake yi masa laƙabi. Imamu Maziri kuwa, wanda ya rasu a Mahdiyya a 1141, sunan nasa daga garin Mazara ya samo asali, inda rundunar Asadu ta fara sauka. Ashe ke nan mutumin Gusau ko na Bunguɗu da alƙali ya taɓa yanke wa hukuncin gado ko na ciniki bisa Muhtasar, ra'ayin malaman Sikiliya ya shafe shi, ko da bai taɓa jin sunan wurin ba.

Mulkin Musulmi a tsibirin ya ƙare a 1091, sa'ad da waɗansu mayaƙan Turai da ake kira Normawa suka gama cinye shi. Ba a take ilmin ya ɓace ba. A Falarmo ne Idirisi ya kammala babban littafinsa na labarin ƙasa a 1154, a fadar Sarki Roja na biyu, kuma a cikinsa ya ambaci Gana da Gawo da Kanem. Ibnu Jubairu, da jirginsu ya fashe a gaɓar tsibirin yana komowa daga Hajji, ya tarar a 1185 Musulmi suna nan da kasuwanninsu da alƙalinsu, sai dai zama ne na ɗar-ɗar. Kafin tsakiyar ƙarni na 13 an kwashe ragowarsu an kai su wani gari mai suna Lucera a cikin Italiya. Yau wanda ya je Falarmo da wuya ya sami ko ɗaya daga masallatan nan 300 a tsaye da siffarsa ta asali. Abin da zai gani shi ne wani ginshiƙi a ƙofar babbar majami'ar birnin mai ɗauke da rubutun Alƙur'ani, da hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, da gonakin lemo, da kuskus da ake ci a yammacin tsibirin, da sunayen wurare irin su Marsala, wanda ya fito daga kalmar Larabci mai nufin matsayar jiragen ruwa.

A nan akwai abin lura. Ɗakin Girkawan nan da ya fi saura tsayuwa, abin da ya tsame shi shi ne an mai da shi majami'a a ƙarni na 6, ya sami mai share shi da mai toshe ɓarakarsa, alhali maƙwabtansa aka yi ta kwasar duwatsunsu ana gini. Masallatan Falarmo sun rasa masu su, suka tafi. Littattafan Ibnu Yunus da na Maziri kuwa almajirai sun yi ta kwafarsu, suka ƙetare teku da su, ra'ayoyinsu suka ratso Sahara har zaurukanmu. Abin da ya sami mai kula da shi, shi ya tsira.

Garin malamai a ƙasar Tsafe

To, mu komo gida. Wanda ya tashi daga Gusau ya nufi Funtuwa zai wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi, kana ya shiga ƙasar Tsafe, kuma a wannan ƙasa 'Yandoto take. Kafin jihadi yankin nan yana cikin daular Katsina, shi ne ake kira Katsina Laka. Shi ya sa har gobe sarautar Gusau sunanta Sarkin Katsinan Gusau, ta Tsafe kuwa 'Yandoton Tsafe. Sunan sarauta ma wani irin kufai ne, yana nuna wa mai lura inda mutane suka taso.

'Yandoto ta girmi Gusau da ɗaruruwan shekaru. Masana tarihi suna danganta bunƙasarta da Wangarawa, fataken nan na ƙasar Mali waɗanda suka haɗa ciniki da karatu, duk inda suka ya da zango sai kasuwa ta tashi, masallaci ya tashi kusa da ita. Labarin da Katsinawa suka gada kaka da kakanni ya nuna cewa Muhammadu Korau, wanda ake lasafta shi Sarkin Katsina na farko Musulmi a ƙarni na 15, daga 'Yandoto ya fito, ya ka da Sanau, sarkin Durɓawa na ƙarshe, a wurin kokawa, ya gaji sarauta. Takobin nan Gajere da ake jingina masa yana cikin kayan sarautar Katsina. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, cikin littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981, ya ba 'Yandoto matsayinta cikin garuruwan ilmi na wannan daula.

Kada mai karatu ya zana wa kansa wani dogon bene mai azuzuwa. Ilmin irin waɗannan garuruwa a zaure yake. Almajiri zai zo daga nesa ya sauka gidan malami, ya ɗauki fiƙihu a nan, nahawu a zauren gaba, tafsiri wurin wani dattijo a wata unguwa, in ya ƙoshi a ba shi izini ya ƙara gaba. Littafi kuwa da hannu ake kwafarsa, shafi bayan shafi, da alƙalamin kara da tawadar da aka dafa a gida, a adana shi cikin gafaka. Takarda ita ce mai tsada, domin ta Sahara fatake ke kawo ta. Wanda duk ya gaji tsohon littafi, ya zaro warƙa guda ya ɗaga ta a hasken rana, sau da yawa zai ga alamar jinjirin wata uku a cikin jikin takardar. Irin wannan takarda a arewacin Italiya ake yin ta, wajen birnin Benis, ta biyo ta Tarabulus ko Masar kafin ta iso gare mu. Ashe hulɗar ɗan kasuwar Hausa da Italiya ba a kan Alhaji ta soma ba. Attajiri ke kawo takarda, malami ke cika ta, kuma da ɗayansu zai janye hannu da garin ilmi bai tsayu ba.

Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya gafarta masa, ya yi kiransa, sai malaman 'Yandoto suka rabu. Waɗansu suka amsa, cikinsu har da Malam Muhammadu Sambo ɗan Ashafa. Waɗansu kuwa, su ne masu rinjaye a garin, suka tsaya tare da sarautar Katsina. Zama ya gagara, Malam Sambo da jama'arsa suka bar garin, kuma wannan ƙaura ita ce asalin kafuwar Gusau, har mutanen garin sukan ce daga wannan gusawa sunan ya fito. Saboda haka duk Bagusashen da ke alfahari da Gusau ta Sambo, ya sani 'Yandoto ce uwar garinsa.

Takardu cikin iska

Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Wajen 1806 ɗansa Muhammadu Bello ya sauka da runduna kusa da 'Yandoto, ya aika wa malamanta su fito a yi muƙabala, hujja ta raba gardama. Suka ƙi fitowa. Aka gwabza, garin ya faɗi, malamansa suka warwatsu. Bello da kansa ya kawo wannan labari cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812.

A cikin littafin nan ne kuma aka adana wasiƙun da suka gudana tsakanin Sakkwato da Shehu Muhammadu Aminu Elkanemi na Barno. Cikin abubuwan da Elkanemi ya zargi mayaƙan jama'a da su akwai wulaƙanta littattafai, da watsar da su a kan hanya alhali suna ɗauke da sunan Allah. Bello bai ce ƙarya ba ne. Ya ba da labari cewa a wani yaƙi da ya yi a ƙasar Katsina, shi da idonsa ya ga iska na kwasar takardu tana zubar da su cikin ƙazanta, ya duƙa yana tsinta har ya gaji, ransa ya ɓaci ƙwarai, sa'an nan ya tara mutane ya bincika, ya nuna cewa aikin jahilan runduna ne wajen wawar ganima, ba da yardar shugabanni ba. Masana tarihi da dama suna ganin 'Yandoto ake nufi.

Jama'a, a dubi wannan hoto da kyau. Ga manyan malamai biyu, Bello da Elkanemi, sun saɓa a kan halaccin yaƙi, rundunoninsu suna fuskantar juna, amma sun haɗu a kan abu guda, watau takardar ilmi ba ta cancanci ƙasa ba. Ga kuma jagoran da ya ci gari da yaƙi, a ranar nasararsa ya duƙa yana tsintar takardun waɗanda ya ci. Duk da haka abin da iska ta ɗauka ta ɗauka. Mafi yawan abin da ake karantawa yau game da hujjar malaman 'Yandoto daga alƙalamin abokan saɓaninsu ya fito. Gari mai ɗaruruwan shekaru yana karantar da mutane, ga shi yau ɗan kasuwar da ke ratsa ƙasarsa yana tambaya me ke can.

Dutsen Kwatarkwashi

Na ce mai barin Gusau zai fara wucewa ta Kwatarkwashi. Wannan gari yana cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, yana da masarautarsa, kuma marigayi Mai Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar ya shekara 61 a kan karaga kafin rasuwarsa a 2022. Dutsen kansa ba ya ɓoyuwa ga kowa, tun daga nesa matafiyi ke hango shi. Dalilin da ya sa mutanen da suka zaɓi irin wannan wuri a fili yake. Dutse ganuwa ce wadda ba wanda ya sha wahalar gina ta, mahayin doki ba ya hawansa, ana hango maƙiyi tun yana nesa, kuma kogunansa suna ɓoye mata da yara da hatsi. Haka aka yi a Dala ta Kano da Kufena ta Zazzau.

Kafin Musulunci ya kafu sosai, Kwatarkwashi babbar cibiya ce ta Maguzanci. Sunan Magiro da ita aka san shi a ƙasar Hausa, haka kuma bikin Baura, wanda a cikinsa samari ke hawa dutsen su kamo mikiya. Da Musulunci ya yi jijiya sai waɗannan al'adu suka ja da baya. Abin da ya kamata mai hankali ya tsaya a kansa shi ne, tsakanin wannan dutse da garin malamai na 'Yandoto tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba. Shekaru aru-aru ana karanta fiƙihu a nan, ana bikin Baura a can, ana haɗuwa a kasuwa guda. Wanda bai san wannan ba, ba zai san irin haƙuri da jimirin da malaman farko suka yi ba, sai ya zaci da dare ɗaya aka wayi gari kowa na salla.

Ƙasar Kwatarkwashi ta ɓoye abin da ya girmi Baura ma. A shekarun 1990 aka shiga tonon ƙasa a yankin ana fito da mutum-mutumi na gasasshen yumɓu, dangin waɗanda aka sani da sunan Nok. Dillalai suka riƙa sayensu a hannun masu tono da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ana fitar da su ta kan iyaka zuwa Turai, inda kuɗinsu ke ninkawa. A shekarar 2000 wani mai bincike Baturen Ingila, Patrick Darling, ya yi rubutu a kan wannan ɓarna, ya jera sunan Kwatarkwashi da na Nok. A shekarar ce kuma Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta fitar da jerin kayan tarihin Afirka da aka fi wawashewa, ta sa irin waɗannan kayan yumɓu na yankunan Nok da Sakkwato da Katsina a ciki.

Hasarar ta wuce ta abin da aka ɗauke. Masanin tonon tarihi yana auna zurfin da ya tarar da abu, ya dubi tsingaron da ke gefensa, ya ɗebi gawayin da ke ƙarƙashinsa a gwada shekarunsa, ta haka ake gane su wane ne suka yi shi, yaushe, kuma me suke ci. Mai tonon haya kuwa da diga yake shiga, ya birkita kome, ya ɗauki kan ya bar gangar jikin a farfashe. Daidai yake da wanda ya zare warƙa guda daga tsakiyar littafi ya watsar da saura. Kuma doka ta hana. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta haramta cinikin irin waɗannan kaya ba ta hannun hukuma ba, ta kuma haramta fitar da su daga Nijeriya ba da izini ba.

Na san wani zai ce, ai gumaka ne, mene ne na damuwa don an kwashe su? Amsa ita ce, ba wanda ya ce a girmama su, kuma masu tonon nan ba kishin addini ya sa su ɗaukar diga ba, kuɗi ne, kuma ɗakin wani attajirin Turai abin ya ƙare. Musulmi sun mulki Sikiliya fiye da shekara 200, ginshiƙan Agrijento suna nan a tsaye. Sahabbai sun buɗe Masar, dalolin Fir'auna suna nan. Malam Abdullaɗif na Bagadaza, da ya zauna a Masar wajen 1200, ya auna gine-ginen mutanen da ya siffanta su, ya kuma yi tir da masu farfasa su don neman dukiyar da suke zaton an binne. Kallon abin da magabata suka bari don a san yadda suka rayu da yadda suka ƙare, wa'azi ne da ba ya bukatar mai fassara.

Sababbin kufaifai

Da a ce maganar ta tsaya a kan abin da ya wuce, da sai mu ce Allah ya jiƙan na baya mu rufe shafi. Amma fa ba ta tsaya ba. Fiye da shekara 10 ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙauyukan Zamfara, kuma ƙasar Tsafe da ta Bunguɗu suna cikin waɗanda suka ɗanɗana. A gaban idonmu ake yin sababbin kufaifai. Wanda ya gudu da dare 'ya'yansa zai ɗauka, da ɗan abin sawa a baka, gafakar kakansa kuwa tana rataye a ɗaki, gara da yoyon damina da wuta suna jiranta. Dattijon da ya san sunan kowace ƙofa ta tsohuwar ganuwa, ya san kushewar kowane malami, yana raɓe a gidan ɗansa a birni, ba mai tambayarsa kome. Iskar da ta kwashi takardu a gaban Bello ita ce ta sake tasowa.

Saboda haka ba ina kiran kowa ya kutsa daji yawon buɗe ido ba ne a wannan hali, rai ya fi kome. Amma akwai aikin da za a fara daga cikin gari. Ku 'yan kasuwa, kakanninku ne suka kawo takardar da aka rubuta littattafan nan. Kuɗin akwatin ƙarfe guda, da ladan yaron da zai ɗauki hoton kowane shafi da waya, bai kai kuɗin man mota zuwa Kano ba. Sa'ad da masu tayar da ƙayar baya suka mamaye Tambutu a 2012, iyalai da direbobi da masu kwale-kwale ne suka yi ta fitar da dubban littattafai cikin akwatunan ƙarfe zuwa Bamako, ba su jira wata gwamnati ba. Kuma in wani ya kawo muku abin da aka tono daga kufai, kada ku saya, kada ku yi dillancinsa, domin mai saye shi ke ɗaure wa mai tono gindi.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, alƙalaminku yana da nauyi a nan. Mai rabon filaye da mai shata hanya su tambaya tukuna ko layin nasu ya bi ta kan tsohuwar ganuwa ko maƙabarta, domin abin da katafila ta share da safe ba ya komowa. Malamin makaranta ya sa ɗalibansa kowa ya rubuto tarihin unguwarsu daga bakin tsofaffin gidansu. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana bakin hanyar nan da muke magana a kanta. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, duka wuraren adana tsofaffin rubuce-rubuce ne. Ba sai an raba iyali da gadonsu ba, kwafi ya isa.

In Allah ya kawo zaman lafiya, kuma muna roƙonsa ya kawo, ziyarar kufai tana da ladabinta. A fara da gaisuwa wurin mai gari a nemi izini, a nemi dattijon da ya san wurin ya yi jagora, a kuma sallame shi da abin da ya dace. Kada a taka kushewa, kada a ɗauko ko tsingaro guda, kada a rubuta suna a jikin dutse. Kada a yi wa mutanen wuri ba'a da abin da kakanninsu suka yi, domin kowa ya tona asalinsa zai tarar da irinsa. Wanda zai rubuta abin da ya samo, ya bambance abin da ya gani da idonsa da abin da aka faɗa masa, ya kuma ambaci wanda ya faɗa, kamar yadda malaman ruwaya suka koya mana.

Da na gama yi wa Alhaji wannan bayani, ya daɗe bai ce kome ba. Can sai ya ce akwai wata gafaka ta kakansa a ɗakin ajiya na gidansu, rabon da a buɗe ta tun rasuwar mahaifinsa, kuma ya taɓa jin tsofaffi na cewa daga wajen Tsafe suka taso. Mun yi alkawari ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za mu je mu kwance ta, mu ɗaga takardun a hasken rana mu gani.

Allah ya jiƙan malamanmu na farko da na baya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.